Daga Dogarai Zuwa Wudil: Me Zai Sa Ɗan Tsiga Ya Je Jami'a Karatun Aikin Ɗan Sanda?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshensa kafin a yanke masa hukunci.

Maganganu biyu ne ke yawo a yankinmu, kuma mutane na ɗaukarsu kamar ba su da haɗi. Ta farko ita ce muhawarar 'yan sandan jihohi, wadda ta sake tasowa da ƙarfi tun bayan taron da Shugaba Tinubu ya yi da gwamnoni a Fabrairun 2024. Ta biyu kuwa a zaure da tsakar gida ake yin ta, lokacin da yaro ya zo cike fom ɗin JAMB ya ce shi kiriminoloji yake so, wato ilimin nazarin laifuka da tsaro. Nan take za ka ji an ce, "Kai kuma duk kwasa-kwasan duniya ka rasa na zaɓa sai na ɗan sanda? Aikin da ake koya a 'yan watanni, shi za ka kashe wa shekara huɗu?"

A ganina maganar ɗaya ce. Mun taɓa yin 'yan sanda na gida, 'yan gari, waɗanda suka san kowane lungu, aka soke su. Muka koma na tarayya, yau fiye da shekara hamsin, ga shi muna kuka da su. Duk sau biyun akwai abin da aka bari a baya, shi ne ilimin aikin kansa. In aka sake sabon zubi ba tare da shi ba, riga kawai za a canja.

Mu da ke tsakanin Funtua da Malumfashi mun fi kowa haƙƙin yin wannan magana. A ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashi ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda. A Fabrairun 2025 aka shigo har cikin Tsiga da dare aka ɗauki Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar masu yi wa ƙasa hidima, bai dawo ba sai farkon Afrilu. A Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi. Ban da gonakin masara da dawa da auduga da waken suya da aka bari saboda tsoro, da manoman da sai sun biya kafin su girbe abin da suka shuka da guminsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

To, bari mu waiwaya, tunda an ce waiwaye adon tafiya.

ZAMANIN DOGARAI

Kafin zuwan Turawa, tsaron gari a ƙasar Hausa a hannun sarauta yake. Mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a unguwarsa, domin fatake da matafiya suna da masauki, kuma mai masauki shi ke da alhakin baƙonsa. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai gaba. Kasuwa na da sarkinta, mahauta na da Sarkin Pawa wanda ya san asalin duk saniyar da aka yanka, makiyaya na da arɗo. Dogarai su ne hannun sarki: su ke kamo wanda ake tuhuma, su tsare fursuna, su raka masu karɓar haraji, su zartar da hukuncin alƙali.

Malaman jihadi ba su ɗauki wannan aiki da wasa ba. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shugaban 'yan sanda cikin manyan mataimaka huɗu da mulki ke tsayuwa a kansu, tare da waziri da alƙali da mai karɓar haraji, kuma aikin da ya ɗora masa shi ne ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa daga mai ƙarfi. A cikin littafin dai ya soki sarakunan da ya tarar kan cin dukiyar talakawa da karɓar toshi kafin a yi shari'a. Kun ga ke nan tunanin cewa aikin tsaro amana ce mai ƙa'idoji ba daga Ingila ya zo mana ba. Sai dai a aikace, alƙali ne ke shafe shekaru a gaban malamai yana karatun fiƙihu. Dogari kam ƙarfi da biyayya ake nema a wurinsa, yawancinsu ma bayin sarki ne. Wannan rabo, na mai karatu a kan buzu da mai ƙarfi a bakin ƙofa, shi ya biyo mu har yau.

'YAN SANDAN TURAWA

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, rundunar 'yan sandan Najeriya da Hausawa aka fara ta, amma a Legas. A 1861, shekarar da Ingila ta karɓe Legas, aka kafa ƴan gadin ƙaramin jakada su talatin. A 1863 wani hafsan ruwa mai suna John Glover ya tara Hausawa, yawancinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya ba su bindiga. Zuwa 1879 sun zama runduna mai suna Kwanstabulari ta Hausa. Har yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a ƙasar Gana ta yau an kai su. A 1888 kuma kamfanin Royal Niger ya kafa tasa rundunar, hedikwatarta a Lakwaja.

Me ya sa Hausawa a Legas? Dabara ce: baƙo ya tsare baƙo. Wanda ba ya jin yaren gari, ba shi da dangi a cikinsa, ba zai ji nauyin dukan kowa ba. Abin mamaki, a 1829 Robert Peel ya kafa wa birnin Landan 'yan sanda marasa bindiga, waɗanda aka gina a kan yardar jama'a. Amma da Turawan suka zo ƙasashen da suka mallaka, sai suka ɗauko samfurin rundunar da suka yi wa Ailan, mai bindiga, mai zama a bariki, wadda aikinta danne jama'a. Nasu daban, namu daban.

Da Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903, Katsina ma ta shiga hannu a shekarar, ba shi da mutane ko kuɗin da zai tsare ƙasa mai faɗin Arewa. Sai aka bar wa sarakuna dogaransu, aka riƙa biyansu albashi daga baitulmali. 'Yan sandan gwamnati suka tsaya a barikin Turawa da layin dogo da garuruwan baƙi. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama 'Yan Sandan Najeriya, hedikwata a Legas. Ko sunayen da muka ba su sun isa darasi: wanda muka gani da kulki muka ce masa ɗan sanda, na En'e kuma muka ce masa ɗan doka.

ZAMANIN 'YAN DOKA

A shekarun 1920 aka fara gyara dogarai, aka fitar da 'yan gadi da 'yan doka daga cikinsu, aka ba su kaki da fareti. Matsalar da aka fuskanta ita ce, ɗan mutunci ba ya son aikin, domin ana ganinsa aikin bayi. Sai aka kawo dabarar ɗora 'ya'yan sarki a kan rundunar don a ɗaga darajarta. A nan Katsina, a 1929, Sarki Muhammadu Dikko ya ga ɗansa Usman Nagogo ya zama shugaban 'yan dokan En'e, kafin ya zama Magajin Gari a 1937, ya hau gadon sarauta a 1944. A Kano, Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka daga 1957 zuwa 1962, ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya zama sarki a 1963. Wato manyan sarakuna biyu da Arewa ke alfahari da su, dukansu sun bi ta ofishin 'yan doka. Mai raina wannan aiki ya riƙe wannan.

A yi wa 'yan doka adalci, suna da abin da na yau ba su da shi. Ɗan dokan da ke tare da Makama a Bakori, ko Galadima a Malumfashi, ko Sarkin Maska a Funtua, ɗan ƙasa ne. Ya san wane ne ɓarawon akuya, ya san wanda ya yi arziki dare ɗaya, ya san hanyar da ake bi da shanun sata. In an yi sata a ƙauye, dagaci ne zai amsa tambaya. Shi ya sa dattawanmu ke cewa a da ɗan doka guda da kulkinsa ya isa ya taso ƙauye sukutum. Da ɗan gari akan ci gari.

Amma ku tambayi dattawan nan dai yadda ake karɓar haraji da jangali. Ku tambaye su shanya mutum a rana, da ɗaure shi a gindin bishiya, da tsare uba don ɗa ya gudu. Da siyasar jam'iyyu ta zo, abin ya ƙara muni. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma daga nan har faɗuwar Jamhuriya ta Farko magoya bayan Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka da kotunan En'e, kan laifuka irin su taro ba izini ko zagin sarki. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama. Mai ba da izinin taro, da mai kamawa, da mai yanke hukunci, da mai gidan yari, duk a ƙarƙashin hukuma ɗaya suke, hukumar kuma tana tare da jam'iyya mai mulki. A Jihar Yamma ma haka 'yan sandan ƙananan hukumomi suka zama karnukan farautar 'yan siyasa. Tun a 1958 hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu, ta ba da shawarar a riƙe rundunar Najeriya a hannun tarayya, saboda tsoron irin wannan.

Ku lura da wani abu a nan. A daidai wannan zamani an zuba ƙoƙari sosai wajen ilimantar da alƙalai. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, daga shawararsu aka samu Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, aka tsara shi bisa na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya na 1860. Aka riƙa kai alƙalai Kongo a Zariya ana koya masu sabuwar dokar. Ɗan doka fa? Wanda ya yi sa'a an tura shi kwas na ɗan lokaci a kwalejin 'yan sanda ta Kaduna. Da yawa ko karatun boko ba su da shi. Alhali shi ne ƙofar farko ta shari'a: abin da ya kamo, da abin da ya faɗa, shi alƙali zai gani. In ƙofa ta karkace, duk ilimin alƙali ba zai miƙe ɗakin ba.

Da sojoji suka karɓi mulki a 1966, Janar Ironsi ya kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gobir ya duba 'yan sanda da gidajen yari. Kwamitin ya ce a haɗe su duka a hannun tarayya, gwamnatin Gowon ta aiwatar. Kafin ƙarshen shekarun 1960 an fara narkar da 'yan doka cikin rundunar Najeriya, gidajen yarin En'e suka koma na tarayya, kotunan alƙalai suka zama kotunan yanki a ƙarƙashin jihohi. Talakawa da yawa sun yi murna a lokacin. Wannan ma a riƙe shi.

ZAMANIN TARAYYA

Abin da muke kai yau ke nan. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, ba za a kafa wata ba. Sashe na 215 ya ba gwamna damar bai wa kwamishina umarni, amma kwamishinan na iya cewa sai ya ji daga sama. An rabu da zaluncin ɗan gari, sai aka koma wa tsohuwar dabarar baƙo ya tsare baƙo. A kawo maka DPO daga nesa, bai san Fulatanci ba, wani ko Hausar ba ta zauna ba, bai san burtali ba, bai san wace gaba ce tsakanin wannan ƙauye da wancan ruga ba. Kafin ya gane gari an yi masa canji. Mai unguwa da dagaci kuma, tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, an bar su da rawani ba iko.

Ba wai Katsinawa ba su riƙe rundunar ba. M. D. Yusufu, jikan Sarki Dikko, shi ne Sufeto Janar daga 1975 zuwa 1979. Ibrahim Coomassie ya riƙe daga 1993 zuwa 1999. Matsalar ta wuce ta mutum ɗaya. Runduna ce da aka gada daga mulkin mallaka, ta yi shekaru a ƙarƙashin soja, kuma dokar da ke tafiyar da ita ta 1943 ce, ba a sauya ta gaba ɗaya ba sai a 2020.

INA JAMI'A TA SHIGO?

Tunanin cewa laifi abu ne da ake nazari, kamar yadda ake nazarin cuta, ya daɗe. A 1764 wani Ba'italiye, Cesare Beccaria, ya rubuta ɗan littafi kan laifi da hukunci. Jigon maganarsa shi ne, tabbacin za a kama mutum a hukunta shi da wuri ya fi tsananin hukuncin hana laifi. Ku auna wannan da halinmu. An tsaurara doka kan garkuwa da mutane a jihohi da dama, har da hukuncin kisa. Amma mai laifin da ya san da wuya a kama shi, in an kama shi ma da wuya shari'ar ta kai ƙarshe, me tsananin doka zai yi masa?

A Amurka, wani shugaban 'yan sandan garin Berkeley, August Vollmer, shi ya dage cewa ɗan sanda na buƙatar ilimin jami'a, kuma a 1916 aka fara koyar da darussan a Jami'ar Kalifoniya. A Ingila, Jami'ar Kambirij ta buɗe cibiyar nazarin laifuka a 1959. A nan gida, kusa da mu aka fara: a sashen nazarin halayyar al'umma na Jami'ar Ahmadu Bello marigayi Farfesa Femi Odekunle ya koyar da wannan fanni shekaru masu yawa, ya rasu a Disambar 2020. Janar Abdulrahman Dambazau, wanda ya shugabanci sojojin ƙasa daga 2008 zuwa 2010, ya kuma yi ministan cikin gida daga 2015 zuwa 2019, digirinsa na uku a kan kiriminoloji ne daga Jami'ar Keele ta Ingila.

Ita ma rundunar ta gane gibin. A 1988 aka kafa Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda, ta fara a wuraren wucin gadi a Challawa da Kaduna, ta koma mazauninta na Wudil a 1996. A 2012 aka ɗaga ta zuwa matsayin jami'a, rukunin farko suka shiga a 2013 suka fita a 2018. Ta JAMB ake shiga, shekara biyar ake yi, a fito da digiri da muƙamin ASP. Ban da Wudil, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna ba da digirin farko a nazarin laifuka da tsaro, ABU da BUK kuma suna da digiri na biyu ga ma'aikatan da ke cikin harkar.

Me ake koya? Dalilan da ke jefa mutum ko al'umma cikin laifi. Dokar laifuka da hanyar gabatar da ƙara. Yadda ake tsare wurin da aka yi laifi kada a tattake shaida. Yadda ake yi wa mutum tambayoyi ba da duka ba. Zanen yatsa, bin sawun waya, bin sawun kuɗi. Haƙƙin wanda aka zalunta. Gidan yari da yadda ake gyara mai laifi. Da kuma lissafi da bincike, wato tattara alƙaluma a gane ina ake kai hari, yaushe, ta wace hanya.

Wani zai ce duk wannan turanci ne, mu bindiga muke buƙata. To, mu ɗauki garkuwa da mutum guda ɗaya mu warware ta. Akwai infoman da ya nuna gidan. Akwai mai sayar da man babur a jarka. Akwai mai kai burodi da ƙwaya daji. Akwai layin wayar da aka yi cinikin fansa da shi. Akwai inda kuɗin suka shiga, da kasuwar da aka sayar da shanun da aka kora, da dillalin da ya kau da kai, da motar da ta ɗauke su zuwa Kudu. Mai bindigar da ke dajin Rugu ɗaya ne kawai a cikin wannan sarƙa. Soja zai iya kashe shi, gobe wani ya maye gurbinsa. Tsinka sarƙar kuwa aikin mai bincike ne, wanda zai haɗa hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali.

Rashin wannan ne ke sa a kama mutum, gari ya yi murna, bayan wata uku a gan shi a kasuwa. Sai mu ce an ci kuɗi. Wani lokacin haka ne. Wani lokacin kuma fayil ɗin ne ba komai a ciki sai "ya amsa laifinsa", amsar da aka samu da duka, lauya kuma ya rushe ta cikin minti biyar. Mu da ke aikin gwamnati mun san yadda fayil mara kan gado ke kashe magana, komai gaskiyarta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma tanadi a ɗauki jawabin wanda ake tuhuma a rubuce, a gaban lauyansa in yana so, har da bidiyo in da hali. Dokar 2017 ta haramta azabtarwa. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon nisan kotun. Duk suna nan a takarda. Amma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke masu hukunci ba. Ɓarawon kaza ya shekara a ɗaki ɗaya da ɗan fashi, me kuke zaton zai koyo?

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son ji ba. Duk wanda ya bi tarihin wannan fitina daga Zamfara ya san akwai satar shanu da ba a bi kadinta ba, da cinye burtali da makiyaya, da tatsar Fulani a caji ofis da kotu, sannan 'yan sa-kai suka shiga yanka mutane a kasuwa ba shari'a, ramuwa ta bi ramuwa. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya kashe masallata, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da ya tsage shi ne na adalci. An gwada sulhu a zamanin Gwamna Masari, har sau biyu, bai ɗore ba. Wa ya zauna ya rubuta dalilin rushewarsa ƙauye bayan ƙauye, don na gaba ya koya? Irin aikin da ɗalibin wannan fanni ya kamata ya yi ke nan.

ABIN DA NAKE GANI

A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, matasa kusan 1,500 a rukunin farko, an ɗebo su daga garuruwansu. Zamfara ta bi da Askarawa a farkon 2024, Sakkwato ma ta kafa tata. Yaran nan sun san daji, suna da zuciya, da yawa sun ba da rayukansu, Allah ya gafarta masu. A zahiri mun riga mun kama hanyar komawa tsaron 'yan gari, ko an gyara tsarin mulki ko ba a gyara ba. Tambayar ita ce, wane irin ɗan gari? Irin wanda Shehu ya siffanta, ko irin wanda ya ɗaure 'yan NEPU?

Ga shawarwarina guda huɗu.

Na ɗaya, ga iyaye. In yaro ko yarinya suka nuna sha'awar wannan karatu, a bar su. A dai gaya masu gaskiya: digirin kiriminoloji ba ya mai da mutum lauya, kuma ba tikitin samun aiki ba ne kai tsaye. Ƙofofinsa su ne 'yan sanda, Sibil Difens, shige da fice, gidajen gyaran hali, NDLEA, EFCC, ma'aikatar tsaron cikin gida ta jiha, da koyarwa. 'Ya'ya mata musamman ana buƙatarsu. Matar da aka sako daga daji, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ba za ta iya buɗe baki a gaban ƙato a kanta ba.

Na biyu, ga ɗalibai. Kada ku haddace sunayen Turawa ku tsaya nan. In lokacin rubuta kundin kammala karatu ya yi, ku dawo gida. Ku rubuta kan yadda saniyar sata ke shiga kasuwa, kan infoma da abin da ke jefa shi, kan rikicin gona da burtali a Bakori da Ɗanja da Faskari, kan yadda dagatai ke sasanta rigima. Ku zauna da tsofaffin da suka ga zamanin 'yan doka tun suna raye. Tekena Tamuno ya rubuta tarihin 'yan sandan Najeriya, Kemi Rotimi ya rubuta na 'yan dokan En'e. Na kudancin Katsina ku ake jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya iya Fulatanci kuma ya riƙe shi da kyau, ya fi wani satifiket ɗin amfani a wannan aiki.

Na uku, ga gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Tarayya a Dutsin-ma, da Al-Qalam. A haɗa su da rundunar tsaron al'umma, a riƙa ba yaran horo kan doka da shaida da haƙƙin wanda aka kama, da Hausa, ba fareti da harbi kaɗai ba. A ware gurbin tallafin karatu ga 'ya'yan ƙananan hukumomin da abin ya shafa masu son Wudil ko wannan fanni. Kowace ƙaramar hukuma ta samu mai tattara bayanan hare-hare a rubuce.

Na huɗu, in har za a yi 'yan sandan jiha, a rubuta a doka tun farko wa ke ɗaukar aiki, wane ilimi ake buƙata kafin a ba mutum bincike, ina talaka zai kai ƙara in an zalunce shi, kuma wa zai hana gwamna, kowane gwamna na kowace jam'iyya, juya su kan 'yan adawa ranar zaɓe. Kakanninmu sun ga abin da rashin wannan ya haifar, shi ya sa ba su yi kukan rabuwa da 'yan doka ba.

Dattawan da ke cikinku waɗanda suka ga zamanin En'e da idonsu, ko suka ji daga iyayensu, don Allah ku ba mu labarin yadda abin yake a garuruwanku, mai daɗi da mara daɗi. Matasa masu wannan karatu a yanzu, ku gaya mana abin da ake koya maku.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya ba manomanmu ikon komawa gonakinsu. Amin.